LASISI DA HURUMI: WA YA CANCANCI JINYAR ZUCIYA?

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwar Demsawo da maƙwabtanta a cikin Jimeta, ya san cewa mai damuwa ba ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Akwai limamin unguwa da malamin zaure, akwai fasto da dattawan majami'a, akwai mai ruƙiyya da mai saiwa, akwai mai kantin magani da ke bakin titi, akwai kuma dattijuwar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layinsu. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wasu: malaman ba da shawara na makarantun sakandare, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da kuma waɗanda suka naɗa wa kansu rawanin gyaran aure da tarbiyya a shafukan Facebook da WhatsApp. Kowanne daga cikinsu ana kai masa kuka, kowanne kuma yana faɗin abin da ake ɗauka a yi aiki da shi.

A shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara a Nijeriya, wadda aka ɗora wa alhakin ƙayyade ilimin da ake bukata, da yi wa ƙwararru rajista, da ladabtar da wanda ya saɓa. A watan Janairun 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Waɗannan dokoki biyu sun jefo mana tambayar da ta girmi majalisar da ta tsara su, watau: shin hukuma na da haƙƙin cewa wane ne zai saurari baƙin cikin wani, wane ne kuma ba zai saurara ba? Idan tana da shi, ina iyakarsa? Wannan shi ne abin da muƙalar nan za ta yi ƙoƙarin dubawa.

Lasisi ba baƙonmu ba ne

Da yawa daga cikinmu mukan ɗauka cewa neman izini kafin a taɓa marar lafiya bidi'a ce ta Turawa. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Marubuta tarihin likitanci na Musulunci sun ruwaito cewa a shekarar 931 Miladiyya, bayan wani majinyaci ya rasu a Bagadaza sakamakon kuskuren mai yi masa magani, Halifa Muƙtadir ya umarci babban likitansa Sinan ɗan Sabit da ya jarraba dukkan masu sana'ar, kada wanda ya ci gaba da aiki sai wanda ya haye, kuma a rubuta wa kowa fannin da aka yarje masa. An ce waɗanda aka jarraba sun haura 800. A nan mun ga abubuwa biyu tare: izinin aiki, da iyakar aikin. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to lamunin ɓarnar da ta auku yana wuyansa, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

A ƙasar Hausa da Fombina ma haka abin yake, sai dai ba a takarda ba. Ɗalibi ba ya buɗe zaure ya karantar da littafi sai malaminsa ya ba shi ijaza. Wanzami yakan shafe shekaru yana riƙe wa mahaifinsa zabira kafin a miƙa masa aska, kuma yana da sarkin sana'a da za a kai ƙararsa. Maɗori yana da nasa fage, ungozoma tana da nata, kuma ba mu taɓa jin an kira wanzami ya ɗora karaya don kawai shi ma yana taɓa jiki ba. Ashe ke nan al'ummarmu ta san lasisi, ta san hurumi. Abin da ya sauya shi ne, a da idon gari ne yake ba da shaida, domin kowa ya san kowa. Jimeta ta yau kuwa birni ce ta baƙi da 'yan gida, inda mutum kan sauka yau, gobe ya kafa allo a ƙofar shago ya rubuta abin da ya ga dama. Inda shaidar gari ta yi rauni, dole a nemi wata shaidar.

Hujjar masu neman a tsaurara

Wani zai ce ai aska ce ke yanka, magana kuwa iska ce. Amma Bahaushe da kansa ya ce baki shi ke yanka wuya. Bambancin kawai shi ne, raunin aska ana ganinsa nan take, raunin shawara kuwa sai bayan shekaru, kuma da wuya a gane wanda ya yi shi. Matar da aka ce ta yi haƙuri ta koma ɗakin da ake dukanta har aka nakasa ta, da saurayin da aka ce ya watsar da ƙwayoyin asibiti domin wai aljani ne ba ciwo ba, da yarinyar da aka tona asirinta a gaban dangi da sunan gyara, duk an yi musu rauni da harshe, kuma babu alƙalin da zai ga tabon.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi. Mai sayen atamfa a kasuwar Jimeta yana iya murza ta ya gane ta gaske da jabu. Mai ciwon zuciya kuwa, abin da zai yi awon da shi, watau hankalinsa da natsuwarsa, shi ne ainihin abin da ciwon ya taɓa. Yana zuwa ne a raunane, yana neman abin kamawa, kuma yana miƙa wa wanda ya je wurinsa makamin da za a iya cutar da shi, watau asirinsa. Duk mu'amalar da ɗaya ke da dukkan iko ɗaya kuma ba ya iya kare kansa, adalci yana bukatar ido na uku. Adabinmu bai jahilci wannan ba. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, dariyar da muke yi wa Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta ginu ne a kan sauƙin da mai wayo ke samu wajen shiga rigar malanta ya ci da guminta a garin da ba a san shi ba. Abin da ke ba da dariya a littafi, a zahiri hawaye yake jawowa.

Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. A watan da ya biyo baya aka sake ganin irin wannan a Daura da wasu garuruwa. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, yawancin waɗannan bayin Allah ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, domin neman a raba su da shaye-shaye ko taurin kai ko taɓin hankali. Binciken da aka gudanar a 2018 da taimakon hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a Nijeriya a cikin shekara guda. Iyaye masu wannan yawan damuwa kasuwa ce babba, kuma kasuwar da babu mai duba mudu, mai algus ne ke cin ribarta.

Hujjar masu tsoron ƙuntatawa

Duk da haka, akwai ɗaya gefen da bai kamata mu rufe ido a kansa ba, kuma mutanen Jimeta sun fi kowa saninsa. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika, ta kuma shiga Mubi a watan Oktoba, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola da Jimeta. Wasu sun sauka a sansanonin Malkohi da Damare da Fufore, wasu a harabar babbar majami'ar Santa Teresa, amma mafi yawansu gidajen jama'a suka shiga, a unguwanni irin su Demsawo da Jambutu da Luggere, inda gidan mutum goma ya koma na arba'in. A 2015 kuma bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta da sansanin Malkohi da masallacin Jambutu. Waɗannan mutane sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. To, wa ya zauna da su cikin dare sa'ad da barci ya ƙi zuwa? Ba masu lasisi ba ne. Maƙwabta ne, da limamai, da fastoci, da matan da su ma suke da nasu makokin. Da a ce doka ta hana duk wanda ba shi da takarda yin wannan aiki, da ta haramta alherin da ya riƙe garin.

Lissafin ma ba ya goyon bayan ƙuntatawa. Shugabannin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa sun sha bayyana cewa yawansu bai kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da aka daɗe ana dogaro da shi a Arewa maso Gabas yana Maiduguri, tafiyar da ba kowane talaka ke iya ɗaukar majinyaci ya yi ba. Fannin ba da shawara kansa yaro ne a ƙasar nan: tushensa yana komawa 1959 a wata makarantar 'yan mata ta Katolika a Ibadan, ƙungiyar masu sana'ar ta kafu a 1976, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ba shi gurbi a makarantu. Yawancin waɗanda aka horar, don jagorantar ɗalibai aka horar da su, ba don jinyar wanda aka yanka mahaifinsa a gabansa ba.

Akwai kuma tsoron da masana suka daɗe suna bayyanawa, cewa lasisi yakan tashi daga garkuwar majinyaci ya koma katangar masu sana'a, su kewaye abincinsu da ita. A 1926 aka tuhumi Theodor Reik a birnin Biyana da laifin yin magani ba tare da shaidar likita ba, sai malaminsa Sigmund Freud ya rubuta littafi guda yana kare shi. Matsayin Freud shi ne, jinyar zuciya ta hanyar magana ba mallakar likitoci ba ce, amma kuma bai halatta ga wanda bai sami horo na musamman a kanta ba. Har yau ƙasashen da suka riga mu ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. A Amurka jihar Bajiniya ce ta fara ba masu ba da shawara lasisi a 1976, Kalifoniya kuma ba ta bi sahu ba sai 2009. A Ingila kuwa an daɗe ana barin ƙungiyoyin masu sana'ar su riƙe rajistar kansu. Wannan saɓani yana nuna mana cewa tambayar ba ta da sauƙi, kuma kwafo amsar wani ba zai wadatar da mu ba.

Inda gaskiyar take

A ganinmu, ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da harshenmu kan kira da suna ɗaya. Na farko shi ne nasiha da jaje da lallashi, waɗanda haƙƙi ne na maƙwabtaka da zumunci da addini. Wannan ba ya bukatar izinin kowa, kuma hukumar da ta nemi sa masa haraji ko takarda ta shiga gonar da ba tata ba. Na biyu shi ne ba da shawara a matsayin sana'a, inda mutum ya ɗaga allo, ya kira kansa ƙwararre, ya karɓi lada, ya tara asiran mutanen da ba danginsa ba. Na uku shi ne magani: gano cuta, da rubuta ƙwaya, da kwantar da mutum ko tsare shi.

Lasisi ba ya hawa kan tausayi. Yana hawa ne kan da'awa. Ranar da mutum ya ce wa jama'a, ku zo na iya, ya ɗauki alkawari, kuma al'umma na da haƙƙin tambayarsa wa ya koya masa, wa ke duba aikinsa, ina za a kai ƙara in ya ci amana. Gwargwadon girman da'awa da girman ikon da mutum ke nema a kan wani, gwargwadon nauyin shaidar da za a nema daga gare shi. Mai lallashin maƙwabcinsa ba a tambayarsa komai. Mai buɗe ofishin sulhunta ma'aurata a tambaye shi horo da rajista. Mai son ya rufe ɗan wani a ɗaki kuwa, ko da sunan addini ne ko da sunan asibiti, wannan sai da doka da ido a kansa dare da rana, domin 'yancin ɗan Adam ya fi ƙarfin kyakkyawar niyya.

Amma lasisi rabin magana ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuya, shi ne hurumi, watau mutum ya san inda iliminsa ya tsaya. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma babu fagen da wannan ya fi tabbata kamar nan. Akwai alamun da in sun bayyana, lallashi ya ƙare, sai asibiti: mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana surutai, ko ya fara zancen kashe kansa, ko mai jego ta juya wa jaririnta baya ta rikice, ko mai shaye-shaye ya kama karkarwa da ruɗewa bayan ya daina. Daɗin daɗawa, akwai cututtukan jiki da kan sa rigar taɓin hankali, kamar zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da faɗuwar sukari a jini, da farfaɗiya. Wanda ya riƙe irin wannan majinyaci kwana uku yana yi masa nasiha ko turare, ya cinye masa kwanakin da za a iya ceton ransa. Malamin makarantar da aka horar don ya taimaki ɗalibi zaɓen darussa, in ya ga yarinya tana yanka hannunta, aikinsa shi ne ya riƙe ta da kyau ya miƙa ta gaba, ba ya gwada abin da ya karanta a babi ɗaya ba. Cewa wannan ya fi ƙarfina, ga wanda ya fi ni, ba gazawa ba ce. Ita ce alamar farko ta ƙwarewa.

Hurumin nan kuma kaifi biyu gare shi. Kamar yadda liman ba zai hana shan ƙwaya ba, haka likita ba zai yi wa majinyaci izgili don ya nemi addu'a ba, kuma mai ba da shawara ba zai mayar da kujerarsa mumbarin fatawa ko wa'azin sauya addini ba, musamman a gari irin Jimeta inda masallaci da majami'a ke kallon juna. Tun a ƙarni na 10 Abu Zaid al-Balkhi ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne, wanda magana ke warkarwa, da wanda ke tasowa daga jiki, wanda ke bukatar magani. A ƙasarmu kuma Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna tun 1954 a Aro ta Abekuta cewa ana iya saukar da majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu, a yi aiki da masu maganin gargajiya, kowa a fagensa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane cututtukan ƙwaƙwalwa su kula da masu sauƙi. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, binciken da aka buga a 2016 kuma ya tabbatar da amfanin abin. Sirrin nasarar ba benci ba ne: an koya musu abin da za su yi, an nuna musu inda za su tsaya, an kuma sa mai duba su. Dattijan Demsawo ba su gaza na Harare hikima ba.

Abin da takarda ba ta bayarwa

Akwai amana biyu da babu lasisin da zai iya dasa su a zuciyar mutum. Ta farko ita ce riƙon asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a unguwar da mai ba da shawara da mai neman ta suke haɗuwa a sahu ɗaya ko gidan biki ɗaya, kalma guda da ta zube tana iya kashe aure ko hana yarinya miji. Sai dai asirin ma yana da iyaka. A 1976 babbar kotun Kalifoniya ta yanke hukunci, a shari'ar Tarasoff, cewa in majinyaci ya bayyana niyyar halaka wani, wajibi ne mai jinyarsa ya ɗauki matakin kare wanda ake nufi. Hankali da shari'armu duk sun yarda da haka, domin rai yana gaba da sirri. Abin da adalci ke nema shi ne a faɗa wa mutum wannan iyaka tun kafin ya buɗe baki.

Ta biyu ita ce sanin harshe da ɗabi'ar mutane. Adamawa gida ce ta Fulfulde da Hausa da Bata da Bacama da Margi da Kilba da Kamwe da Camba da wasu da dama. Bafillatanin da aka rena a kan munyal da semteende, watau haƙuri da kunya, ba zai zayyana ciwonsa don an miƙa masa takardar tambayoyi ba. Matar da ta ce zuciyarta na tafasa, ko kanta ya yi nauyi, ko jikinta duk ya mutu, tana iya nufin abin da littafin Turanci ya ba wani suna dabam. Wanda ke jinya ta bakin tafinta kuwa ya riga ya sa mutum na uku a cikin asirin. A nan ne mu ma'abota harshe da adabi muke da namu nauyin: samar da kalmomin wannan fanni cikin harsunanmu, da fassara dokokin nan biyu yadda mai sayar da kifi a bakin Binuwai zai san haƙƙinsa. Dokar da talaka bai san da ita ba, ba ta kare shi.

Kammalawa

Mun ga cewa neman izini kafin taɓa majinyaci tsohuwar al'ada ce a wurinmu, cewa rashinsa ya kai 'ya'yanmu ga mari, cewa kuma tsaurara shi ba bisa hikima ba zai bar miliyoyi babu mai sauraronsu. Mafita ita ce a bar tausayi a sake, a ɗaure da'awa da shaida, a kuma koya wa kowa, mai takarda da marar ita, iyakar gonarsa da hanyar miƙa majinyaci gaba. Ya kamata majalisar da aka kafa ta buɗe ƙananan matakan horo ga limamai da fastoci da ungozomomi da malaman makaranta, maimakon ta tsaya ga masu digiri kaɗai. Jami'o'inmu da kwalejojin ilimi na jihar nan kuma su ɗauki wannan a matsayin aikinsu.

Ga ɗalibanmu da za su fita gobe a kira su masu ilimi, a riƙa kawo musu kuka don kawai sun yi jami'a, tambayar da za su riƙa yi wa kansu ba ita ce ko doka ta ba ni dama ba. Tambayar ita ce: in da ɗana ne ko ƙanwata ke zaune a wannan kujera, zan yarda mai irin sanina ya riƙe su, ko zan so ya kai su gaba? Wanda ya amsa wannan tsakaninsa da Allah, ya riga ya san huruminsa tun kafin a buga masa hatimi.